Tsargiyar dutsen zamiya: hanyar da muka bi a asibiti har yaron ya rabu da ita

A cikin garin Sakkwato ba mu da dutsen da za a yi zamiya a kansa. Ƙasarmu yashi ce da marmara, sai farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita. Sai ka ɗauki hanyar Gusau, ka wuce Talata Mafara, sannan za ka fara ganin baƙaƙen duwatsu suna fitowa daga ƙasa, kuma ta kan irinsu ne Gulbin Sakkwato da ƙoramunsa ke biyowa kafin su sauko fadama. Lokacin da nake ɗan shekara 14 zuwa 16 can ɗin ma jihar Sakkwato ce, don sai 1996 aka cire Zamfara. A wani ƙauye na wannan yanki dangin mahaifiyarmu suke, can ake kai mu dogon hutu, kuma bayan garin akwai falalen da muke ce wa dutsen zamiya. Dole in fara bayyana yadda wurin yake, don wanda bai gane shi ba ba zai gane inda cutar ke shiga ba.

Falale ne guda, baƙi, mai gangare kamar rufin kwano, tsawonsa ya kai taku 20 na babban mutum. Ƙoramar tana bin kansa ta wani ɗan kwari da ruwa ya sassaƙe shekara da shekaru, faɗinsa daidai mazaunin mutum ɗaya. Abin da ke kawo santsin gansakuka ce, koriya mai yauƙi kamar kuɓewa, wadda ke fitowa idan ruwa ya yi kwanaki yana bin dutsen ba yankewa. Shi ya sa ba a zamiya da farkon damina, lokacin dutsen na nan da kaushinsa, ya ci wando ya ci fata. Tsakiyar Agusta kuma ruwan ya yi ƙarfi, ja wur da laka, ba mai hankalin da zai shiga. Lokacinsa ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba, sa'ad da ruwan ya fara washewa, zurfinsa a kan dutsen bai wuce idon sawu ba. Ana zama a kan buhun da aka ninka biyu ko damin ganyen kalgo, ƙafa a gaba, a ɗan kishingiɗa baya, hannu a kan gwiwa. Wanda ya dafa dutse don ya rage gudu shi ke juyawa ya sauka da kai. Ba a sakin mutum biyu tare, kuma duk bayan babban ruwa sai babbanmu ya shiga gurbin da ke ƙasa da gora ya taɓa ko'ina, don ambaliya kan kawo kututture ko ta cike zurfin da yashi cikin dare ɗaya. Mutum ɗaya kuma yana tsaye a sama yana kallon launin ruwa: in ya fara ja yana ɗauke da karan dawa da tarkace, ko da sama garau take, an yi ruwa a gabas, kowa ya fito.

Duk waɗannan ƙa'idoji na tsare kai ne daga karaya da nutsewa, kuma sun yi aiki. Abin da ba wanda ya tsare mu daga gare shi shi ne gurbin kansa. Zamiyar ba ta wuce ƙiftawar ido biyar, amma jiran layi a cikin gurbin, ruwa iya ƙirji, sai ya ci awa guda. Tsakiyarsa ruwa na motsi, gefe-gefensa kuwa a kwance yake, da bado da ciyawa, kuma a jikin ciyawar akwai 'yan ƙananan katantanwa da ba su wuce ƙwayar wake ba, waɗanda muke tsinta muna jifar juna da su. In mun fito jiki ya yi ta ƙaiƙayi, mu ce ciyawa ce. Bayan wata biyu zuwa uku, mun dawo makaranta, sai rabinmu su fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Tsofaffi su ce tsargiya ce, zafin rana ne, wasu ma su ce alamar yaro ya zama namiji ke nan. Ba wanda ya taɓa haɗa ta da dutsen zamiya.

Ɗan ƙanwata yana zaune a wurina a Mabera yana sakandare, shekararsa 14. Yanzu ba kowace shekara hanya ke barin mutum ya je ƙauyen ba, amma a wannan shekarar an samu sauƙi, ya bi uwarsa biki ƙarshen Agusta, suka yi kwana 12. Ƙarshen Nuwamba, hunturu ya fara, maiɗakina ta ga ɗigon jini a gajeren wandonsa wajen wanki. Na kira shi gefe. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ba komi na ba, ɗan kaɗan na, in na ƙare." Ashe ya kwana 10 yana ɓoyewa. Wannan kalmar tasa, "in na ƙare", ita ce dukan bayanin da ake buƙata: fitsarin na fitowa da launinsa, sai ɗigon ƙarshe ya zo da jini, wani lokaci da ɗan zafi. Da na tsaya na lissafa daga ƙarshen Agusta zuwa ranar, makonni 12 ne cif, da ban ɓata lokacin da na ɓata ba.

Kuskuren farko nawa ne. Maimakon asibiti sai na kai shi kyamis ɗin unguwa, saboda kusa ne kuma ba layi. Mai shagon bai tambayi ko yaron ya shiga ruwa ba, ya ce sanyin mara ne, ya haɗa mana ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 5 da na rage zafi, na biya naira 2,800. Ranar ta uku jinin ya ɗauke, muka yi murna. Ranar ta shida, bayan ya dawo daga ƙwallo, ya dawo fiye da da. Daga baya na gane cewa haka jinin tsargiya yake, yana zuwa yana ɗaukewa da kansa, yana ƙaruwa bayan an motsa jiki, don haka duk abin da ka sha a ranar da ya ɗauke sai ka ɗauka shi ya yi maganin. Da wannan ne jiƙe-jiƙe da yawa suka yi suna. Gwaggonsa ma ta aiko da nata jiƙon a gora, ya sha kwana huɗu. Tsutsa ce ke zaune a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, kuma maganin sanyi ba ya taɓa ta ko kaɗan. Kwana 11 suka tafi a nan.

Ranar Litinin muka hau kabu-kabu zuwa wani asibitin gwamnati a cikin gari, muka isa ƙarfe 7:30, muka tarar da mutum sama da 30 a gabanmu. Tsarin shi ne ka fara zuwa tagar masu kati su rubuta maka 'yar takarda, ka kai wurin biyan kuɗi, ka dawo da rasit, sannan a buɗe maka kati. Ni na tsaya layin biyan kuɗi tun farko, da na isa taga aka ce ina takardata, na koma baya. Kati naira 500. Wanda ya je da babba na biyu ya fi samun sauƙi, ɗaya ya riƙe wannan layi ɗaya ya riƙe wancan. Daga nan sai teburin nas, inda ake auna zafin jiki da nauyi. A nan ka sa ido: ka tabbata yaron ya cire takalmi ya hau sikeli da gaske, kuma ka rubuta lambar a wayarka, don da ita za a lissafa magani. Namu kilo 45 ne. Mun ga likita wajen ƙarfe 11:20. Bai yi minti biyu yana sauraro ba ya dubi yaron ya ce, "Samari, ka yi wanka a gulbi ko tafki cikin wata ukun nan?" Yaron ya dube ni, na ce masa faɗi gaskiya. Likita ya rubuta gwaji uku: a duba fitsari a madubin gwaji don neman ƙwan tsutsa, a auna yawan jini, a duba bayan gida, saboda akwai 'yar'uwar wannan tsutsa da ke zama a hanji, kuma ruwa ɗaya kan iya ba da duka biyun.

A ɗakin gwaji muka yi kuskure na biyu, wanda shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Gwajin fitsari naira 1,000, na jini 700, na bayan gida 1,000. Aka ɗebi jini nan take. Wadda ke karɓar takardu ta miƙo mana kwalabe biyu na roba ta ce mu kawo gobe da safe, ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na san dai a gwajin sanyi ana son fitsarin farko na asuba, a zubar da na farkon fitowa a tari na tsakiya, sai na sa yaron ya yi haka. Muka kai ƙarfe 8, muka jira har 1:30, sakamako ya fito: akwai jini, ba a ga ƙwai ba. Na tsaya riƙe da takardar raina a jagule, don in ba tsargiya ba ce, to mene ne ke sa yaro ɗan 14 fitsarin jini? Tunanin ƙoda ya zo mini, tunanin abin da ya fi haka ma ya zo. Likitan da ya gan mu ya tashi, aka ce sai Laraba.

Allah Ya sa ina fitowa na ci karo da wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwajin yana alwala a bakin famfo. Na gaishe shi na nuna masa takardar. Ya karanta ya ce, "Malam, wanga fitsari na wane lokaci na?" Na ce na asuba. "Na farko ko na ƙarshe?" Na ce na tsakiya. Ya yi dariya ya ce mun kawo wanda ya fi kowanne rashin amfani. Ga yadda ya tsara mana, kuma likita ya tabbatar da shi washegari. Ƙwan tsargiya ya fi fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Yana maƙale ne a bangon mafitsara, sai ta matse a ƙarshen fitsari sannan yake zubowa, shi ya sa jinin ma a ƙarshe yake zuwa. Don haka na ƙarshen ake so, har ɗigon da ke biyo baya, kimanin cokali biyu na cin abinci. Kwalbar ta kasance busasshiya, kada a ɗauraye ta, domin ƙwan da zarar ya ji ruwa mai daɗi yake ƙyanƙyashewa, in ya fashe kuma ya yi wuyar gani. Kada a kawo daga gida ya kwana ko ya yini a aljihu cikin rana. A yi shi a asibitin a miƙa da ɗuminsa. Ya ƙara da cewa yaron ya sha ruwa, ya ɗan yi sassarfa ko ya hau bene ya sauko sau da yawa kafin ya yi. Kuma ko an bi duk wannan, gwaji ɗaya da bai nuna ƙwai ba bai wanke mutum ba, ana maimaitawa har kwana uku, musamman ga wanda tsutsar ba ta yi masa yawa ba.

Ranar Laraba muka sake biyan 1,000. Ƙarfe 11 yaron ya sha ledar ruwa biyu, ya zagaya filin ajiye motoci sau biyar da gudu, masu gadi na kallonsa, ƙarfe 12 saura ya tara na ƙarshe. Ko a ido ya bambanta da na jiya, launinsa kamar an ɗiga zoɓo a ruwa. Dattijon ya zuba shi a wata siririyar kwalba, ya sa a injin da ke juyawa da gudu na minti biyar, ya tsiyaye na sama, ya ɗiga abin da ya kwanta a gindi a kan ɗan gilashi. Bai daɗe da sa ido ba ya ɗago ya yafito ni. Na rufe ido ɗaya na leƙa. Cikin wani fili mai haske, ga jajayen ɗigo-ɗigo birjik, ga kuma wasu abubuwa guda huɗu masu siffar ƙwallon dabino, ruwan ƙasa-ƙasa, kowanne da 'yar ƙaya guda a tsininsa. Ya ce ƙayar nan ita ce shaida: in tana tsini, ta mafitsara ce, in tana gefe, ta hanji ce. Cikin ɗaya daga cikinsu har wani abu na motsi. Ya kira yaron ma ya leƙa, ya ce masa, "Ga abokan wankanka nan." Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, shi ya sa a takardun asibiti wani lokaci za ka ga an rubuta bilharziya.

Da muka koma wurin likita ya zana mana zagayen a bayan kati, kuma a nan ne dutsen zamiya ya fito fili. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya fashe, abin da ya fito ya nemi katantanwar nan ƙarama ya shiga. Ya yi makonni a cikinta yana hayayyafa, sannan dubbai su fito cikin ruwa, sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke huda su shiga cikin 'yan mintoci, ƙaiƙayin da muke ɗora wa ciyawa ke nan. In ba su samu mutum ba cikin kamar kwana biyu sai su mutu. Katantanwar ba ta iya zama inda ruwa ke gudu da ƙarfi, don haka kan falalen kusan ba komai, gefen gurbin mai ciyawa shi ne gidanta. A jiki tsutsar na ɗaukar makonni kafin ta girma, ƙwai kuma ba ya bayyana a fitsari sai wajen mako 10 zuwa 12. Tana iya rayuwa shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye, tana zuba ƙwai kullum. Waɗanda ba su fita ba su ke maƙalewa su kumbura bangon mafitsara, su toshe hanyar da fitsari ke saukowa daga ƙoda, kuma tsargiyar da aka bari shekaru tana cikin abubuwan da ke kawo kansar mafitsara. Ɗaukewar jini da girma, wadda mu muka ɗauka warkewa ce, ba ta nufin tsutsar ta mutu.

Maganin sunansa praziquantel, ƙwaya ɗaya miligiram 600, ana ba da miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha sau ɗaya. Kilo 45 sau 40 ya ba da 1,800, wato ƙwaya 3 daidai. Kafin ya rubuta ya tambaya ko yaron na da farfaɗiya, ko yana shan maganinta, ko yana kan maganin tarin fuka, saboda rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya na rage ƙarfinsa a jini. Awon jininsa ya nuna kashi 31 cikin 100, ya yi ƙasa, aka ƙara masa ƙwayar ƙarin jini ta wata guda. Bayan gida ba a ga komai ba. A famasin asibitin aka ce maganin ya ƙare. Shago biyu na farko da ke bakin ƙofa ba su da shi, ɗaya ma ya so ya ba ni maganin tsutsar ciki na yau da kullum wai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, albendazole ba ya kashe tsargiya, kada ka karɓa. A babban famasi na uku na samu, ƙwaya naira 400, na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin kafin a ɓallo mini. Farashin nan duk na lokacin ne, yanzu sai ka tambaya.

Sai bayan na saya wani maƙwabcinmu malamin firamare ya gaya mini cewa irin wannan ƙwayar ce ake rabawa kyauta a makarantu ga yara 'yan shekara 5 zuwa 14. Kamfanin Merck ne ke ba da ita kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar. A rabon makaranta ba sikeli ake amfani da shi ba, sanda ce mai zane ake jingina yaro da ita: mai tsawon santimita 125 zuwa 137 ƙwaya 2, 138 zuwa 149 biyu da rabi, 150 zuwa 159 ƙwaya 3, 160 zuwa 177 ƙwaya 4. Na auna namu a bango, 155, sai ga shi lissafin ya zo ɗaya da na likita. Da na tambayi yaron ko an taɓa ba su a makaranta, ya ce an ba su suna firamare, shi da abokansa suka jefa ta taga saboda an ce tana sa jiri. Wanda hannunsa bai kai ba ya je sashen lafiya na ƙaramar hukumarsu ya tambayi jami'in da ke kula da wannan rabo, ko ya fara daga asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu.

Jirin gaskiya ne, amma yawancinsa daga shan maganin da yunwa yake zuwa. Mun zaɓi daren Juma'a don ba makaranta washegari. Ya ci tuwon shinkafa ya ƙoshi, sannan ya haɗiye ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya da kofin ruwa cike. Ƙwayar doguwa ce kuma ɗacinta ya wuce misali, in aka tauna ko ta daɗe a baki amai take sawa. In ta yi wa yaro girma a karya ta a kan zanen da ke jikinta, kada a daka. Bayan kamar awa ɗaya da rabi ya ce kansa na juyawa, cikinsa na murɗawa, ya kwanta. Na zauna kusa da shi har ƙarfe 12 ina jiran amai, don likita ya ce in ya amayar da ita jim kaɗan bayan sha mu dawo a sake lissafi, kada mu ƙara da kanmu. Bai yi ba. Da safe ya tashi da ɗan ciwon kai, da azahar yana neman ƙwallo. Ranar shan maganin kada a bar yaro ya hau keke ko babur. Abin da ba a gaya mana ba, har ya so ya tayar mana da hankali, shi ne jinin ba ya tsayawa washegari. Namu ya ci gaba yana raguwa har kwana 16. Maganin tsutsar yake kashewa, raunin da ƙwai ya yi wa mafitsara kuwa sai a hankali yake warkewa.

Likita ya kuma rubuta sikanin na mafitsara da ƙoda, naira 3,500. Sharaɗinsa a zo da mafitsara cike, mu kuwa muka isa yaron ya riga ya zagaya, aka ce ya sha ruwa lita ɗaya ya jira, muka rasa layinmu, awa biyu ta tafi. A fara shan ruwan tun a hanya, a riƙe. An ga bangon mafitsarar ya ɗan yi kauri a gefe guda, ƙoda lafiya. Aka ce irin wannan a yaro yakan koma daidai bayan magani, amma da an ga ƙoda ta kumbura da sai a tura mu wurin likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Babban mutum mai fitsarin jini kuwa, ko an ga ƙwai an ba shi magani, kada ya yarda a tsaya nan ba a duba mafitsarar ba.

Akwai wani lissafin lokaci da ya kamata a riƙe. Praziquantel tsutsar da ta girma yake kashewa, ƙarama tana tsira. Wanda ya dawo daga ƙauye jiya ya sha yau don rigakafi ya yi asarar ƙwayarsa. Sai an bar mako 6 zuwa 8 daga ranar shiga ruwa ta ƙarshe. Kuma ba ya hana sake kamuwa, yaron da ya warke ya koma gurbi ɗaya zai sake kwasowa. Goge jiki da tawul da zarar an fito ba abin dogaro ba ne. Ruwan gulbi da za a yi wanka da shi a gida kuwa gyaransa da sauƙi: a tafasa shi, ko a ajiye shi a randa ko duro kwana biyu cur ba tare da katantanwa a ciki ba. Kada kuma a ɗauka sai an je Zamfara. Duk inda ruwa ke kwanciya da ciyawa, gefen Gulbin Rima, tafkin Kware, magudanan noman rani na Goronyo da Wurno, kududdufan da ake haƙar ƙasar gini, yanayin ɗaya ne.

Na buga waya ƙauye na gaya wa kawuna. Ya ce, "Yo tsargiya har wani ciwo ta? Mu duk mun yi ta." Na ce masa ya tara yaran da suka yi wanka tare, har da 'yan matan da ke wanki da wanke-wanke a bakin gurbin, don su ba sa faɗa, kuma a wurinsu cutar kan taɓa mahaifa, a yi ta yi musu maganin sanyi a banza. Ƙanwata ta kawo ƙannen yaron biyu da suka je bikin tare, ba wanda ke ganin jini a cikinsu, amma ɗan tsinken takardar da ake tsomawa a fitsari ya canza launi ga ƙaramin, aka duba aka ga ƙwai. Ni ma na tara nawa kwana uku a jere, tun da ban taɓa shan maganin ba tun wancan zamani. Ba a ga komai ba, likita ya auna ni kilo 74 ya ba ni ƙwaya 5 duk da haka.

Bayan mako 6 muka koma da yaron. Wannan karon mun isa ƙarfe 10:30 da tsohon katinmu, muka biya 1,000, ya yi gudunsa a filin motoci, ya tara na ƙarshe. An ga ƙwai biyu, dattijon ya ce baƙaƙe ne ba motsi a cikinsu, matattu ne da mafitsara ke ci gaba da zubarwa. Likita ya ce duk da haka ya maimaita ƙwaya 3, mu dawo bayan wata uku. A zuwa na ƙarshe ba jini ba ƙwai, awon jininsa ya hau 37. Jimillar abin da na kashe a kansa, har da kuɗin kabu-kabu, ya kusa naira 20,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na kyamis ne da gwajin fitsarin asuba. Takardar sakamakon na ninke ta na sa a cikin katinsa, a bayan katin kuma, ƙarƙashin zanen likita, na rubuta: ƙarfe 10 zuwa 2, na ƙarshe, busasshiyar kwalba.